Shekarar da Na Guje wa Allurar Ƙyanda

Ran nan na raka 'yata ɗakin shan magani, za a yi wa jaririyarta allurar wata tara. Muna zaune a benci muna jiran layi, sai malamar asibiti ta buɗe wata 'yar kwalba ta jiƙa auduga tana goge farantin kayan aikinta. Warin sifirit ya bugi hancina. Ka san warin nan mai sanyi, wanda kan bi hanci ya haye har tsakar ka. Ban san lokacin da na kama damtsena na hagu ba. 'Yata ta dube ni ta ce, "Umma, ai ba ke za a yi wa ba." Na yi dariya na saki hannun. Shekaru arba'in da wani abu ke nan, amma duk sa'ad da na shaƙi warin nan sai in koma yarinya 'yar shekara shida, tsaye a bayan bishiyar darbejiya, da ƙarya a bakina.

A cikin birnin Zariya aka haife ni, a wani lungu da ba shi da nisa da Ƙofar Galadima. Gidanmu ginin ƙasa ne mai zaure biyu. A zauren farko babana yake zama da 'yan'uwansa masu ɗinkin hannu, suna yi wa manyan riguna aiki. Idan ka shigo da hantsi za ka same su a kan tabarma, kowa da riga a cinya, kai a sunkuye, rediyo yana magana shi kaɗai a kan taga. Ni ce 'yar fari, don haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta kuma sakewa da ni a gaban mutane. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, mahaifiyar babana, wadda duk gidan muke kira Iya. A gadonta nake kwana, a kwanonta nake cin tuwo, ita ce kuma mai yi mini kitso tana zagina saboda ba na zama wuri ɗaya.

Fuskar Iya cike take da zanzana. Ramuka ne ƙanana, tun daga goshi har haɓa, kamar ƙasar da yayyafi ya fara sauka a kanta. Ina ƙarama nakan sa yatsa ina ƙirga su, ita kuwa ta bar ni. Wata rana na tambaye ta wa ya yi mata haka. Ta ce agana ce. Ta ce su biyar ne a ɗakin uwarsu lokacin da ciwon ya shigo ƙauyensu, su biyu suka tashi. Ba ta ƙara komai a kan wannan ba. Abin da ta fi son faɗa shi ne abin da ya biyo baya: bayan ta yi aure a birni agana ta sake dawowa, mutane suna gudun majinyata, ita kuwa aka riƙa kiranta gida gida tana ba su kunu tana juya su, domin kowa ya san wanda ciwon ya taɓa kamawa ba ya sake kama shi. "Jikina ya san ta," in ji Iya. "Mun yi kokawa, ba ta ƙara kusanto ni." Daga baya 'yan lamba, masu yin rigakafi, suka zo suka yi wa kowa tsaga a damtse, agana ta ɓace, har mu da muka taso ba mu taɓa ganin mai ita ba.

Namu ciwon shi ne ƙyanda, wadda manya ba sa son kiran sunanta, sai su ce baƙon dauro. Da bazara take zuwa, lokacin da zafi kan hana kowa zaman ɗaki, ruwan randa ya yi ɗumi, rijiyoyi su ja baya. Sai ka ji an ce yaran gidan wane sun kwanta. Bayan kwana biyu a ce na gidan da ke kallon su ma sun kwanta. Takan bi lungu kamar mai talla, ba ta tsallake ƙofa. Yawancin yara sukan tashi, sun rame, fata tana saɓulewa. Wasu sukan tashi da farin ido ko kurumta. Wasu kuma sai dai ka ga maza sun fito da 'yar ƙaramar tabarma a naɗe, mata suna kuka a hankali a cikin gida.

A shekarar da nake ba ka labari, ƙanena yana da wata tara. Kafin shi mahaifiyata ta haifi wani namiji da bai kai ga yaye ba, saboda haka duk gidan ido yana kan wannan. Iya tana kiransa angona, ba ta yarda ƙuda ya sauka a kansa.

Tun kafin zafi ya kankama mai shela ya zaga unguwa da sanarwar mai unguwa, cewa za a yi wa yara allurar rigakafin ƙyanda a ɗakin shan magani na bakin ƙofa. Iya ta ce za ta kai mu. Babana bai ce a'a ba, amma bai ce to ba. Shi mutum ne mai taka-tsantsan, wanda ba ya soka allura a yadi sai ya auna sau uku. Ya ce ya ji an ce ciwon da kansa ake ɗurawa a jikin yaro, kuma bai ga hikimar ɗaukar yaro mai lafiya a kai shi a sa masa cuta ba.

Akwai wata malamar asibiti da ke zuwa gidanmu, mutuniyar Wusasa, Kirista ce, Bahaushiya, doguwa mai sanyin magana. Ita ta karɓi haihuwar ƙanena, mijinta kuma malamin makaranta ne da babana yake yi wa aikin riga. Ita da Iya sun shaƙu, takan kawo mata man zafi na ƙafa, Iya kuma ta ba ta daddawa. A makon nan ta zo karɓar rigar mijinta, Iya ta tare ta a zaure na biyu ta ce, "Malama, ki gaya wa mai gidan nan da bakinki." Babana ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa.

Ina laɓe a jikin zanen Iya na ji abin da Malama ta ce. Ta ce wa babana gaskiya ne, ƙwayar ciwon ce a cikin allurar, amma an karya ƙarfinta har ba za ta iya kayar da yaro ba. Ta ce a cikin jinin kowane mutum akwai masu tsaro da Allah ya halitta, aikinsu su gane baƙon abu su yaƙe shi, sai dai idan ba su taɓa ganin cuta ba sukan ɗauki kwanaki kafin su gane ta su shirya mata, kuma a cikin kwanakin nan ne take yin ɓarna. Sai ta nuna rigar da ke hannunsa ta ce, "Malam, wanda ya zo koyon aiki a wurinka, a kan shadda kake fara ba shi?" Babana ya ce a'a, a tsumma yake farawa. Ta ce, "To allurar nan tsumma ce. Jiki ya koyi aikin a kanta, ranar da ta gaske ta zo hannunsa ya riga ya faɗa."

Iya ta ce, "Ni da fuskata na biya kuɗin koyo. Su kuwa an ce za a koya musu a ɓagas."

Babana ya daɗe yana kallon rigar, sannan ya ce Allah ya sa alheri ne. Iznin ke nan.

Ranar allura muka fita da hantsi, Iya ta goya ƙanena, ni kuma tana riƙe da hannuna. Mun tarar da wurin ya cika maƙil, mata da lulluɓi, yara suna tsala ihu, ga wasu akwatuna masu ƙanƙara a ciki an ajiye a inuwa. An raba layi biyu. Jarirai ana shiga da su ciki domin a rubuta musu kati, mu manya kuma a baranda ake yi mana, ba kati ba komai. Iya ta tsayar da ni a bayan 'yar maƙwabtanmu, ta ce kada in motsa, ta shige da ƙanena.

Na tsaya har saura mutum uku. Sai aka zo kan wani yaro ƙato, wanda duk unguwa muke tsoro saboda cin zali. Da ya ga allura ya fashe da kuka yana kiran uwarsa, sai da mutum biyu suka riƙe shi. Na ce a raina, abin da ya sa wannan kuka ni kashe ni zai yi. Na ja da baya a hankali, na bi ta bayan wata mata mai faɗi, na zagaya bayan darbejiyar da ke gefen ginin. Daga nan na ga yaran da aka yi wa suna fitowa kowa da 'yar auduga a danne a damtse. Wata ta yar da tata. Na lallaɓa na tsince ta, na kakkaɓe ƙasar, na danna a hannuna na hagu, na shafa yawu a idona. Da Iya ta fito ta same ni a bakin baranda ina shessheƙa.

"An yi?" ta tambaye ni.

Na ce an yi.

Ta ce, "Jaruma," ta saya mini alewa a hanya. Na sha alewar, amma ba ta yi mini daɗi ba.

Bayan kamar mako guda jikin ƙanena ya yi zafi, ya ƙi nono, 'yan ƙuraje kaɗan suka fito masa a ƙirji. Babana ya shigo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin mahaifiyata ya dubi yaron, ya dubi Iya, ya fita. Iya ta ce Malama ta riga ta gaya mata za a iya ganin haka, alama ce jikin yana karatunsa. Ta riƙa shafa masa tsumma mai ruwa. Kwana biyu zazzaɓin ya sauka, ya koma rarrafensa yana jawo kwanuka. Ni kuwa ko ciwon kai ban yi ba, har gwaggona tana yaba ƙarfin jinina.

Sai bazara ta shigo sosai. Sama da wata guda bayan allurar aka ce baƙon dauro ya sauka a unguwar da ke bayanmu. Daga nan ya shigo makarantar allonmu. Yaron da ke zama kusa da ni ya zo ranar Asabar da jan ido yana tari, ranar Lahadi bai zo ba. Kwana goma bayan haka na tashi da safe kaina kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Majina, tari, hasken rana yana soka mini ido. A rana ta huɗu Iya tana ɗaure mini ɗankwali ta tsaya, ta juya kunnena ta duba bayansa. Sai ga ƙuraje sun fara fitowa. Kafin la'asar ƙurajen sun rufe fuskata, washegari sun sauka har ciki da cinya.

Ba zan iya ba ka labarin kwanakin nan dalla dalla ba, domin rabinsu ban san inda kaina yake ba. Na tuna zafi, kamar an kwantar da ni a kan murhu. Na tuna bakina ya yi gyambo har kunu ba ya wucewa. Na tuna kwantsa tana manne mini ido, Iya tana wanke ta da tafasasshen ruwa mai ɗumi. Gwaggona ta kawo wani gari da aka ce a barbaɗa a ido, Iya ta karɓa ta gode, ta ajiye a kan rufin akwati ba ta buɗe ba, domin Malama ta ce kada a sa komai. Abin da na fi tunawa kuwa shi ne maganganun da ke shigowa ta labule, don mutane sun ɗauka barci nake yi.

Na ji babana a tsakar gida yana cewa, "Ga shi an yi mata, kuma ta fi kowa jin jiki a lungun nan. Me aka yi ke nan?" Na ji matan maƙwabta da suka zo dubiya suna cewa ai dama sun faɗa, wataƙila ma allurar ce ta jawo ciwon. An sanar za a sake yin allura a makon gaba domin waɗanda ba su samu ba, sai na ji wata tana cewa ita ta fasa kai nata, wata ma ta ce haka. Iya ce ta bi gidaje tana lallashin mata kafin ranar farko, yanzu ga shaida a kan gadonta. Ta daina cin goro. Ta daina tsokanar angonta.

Mahaifiyata ce ta fi ba ni tausayi. Ranar da zazzaɓi ya fara kama ni, ni ce na yini ina goyon ƙanena, ina tari a kansa, har na ba shi koko da cokalina. Yanzu an raba mu ɗaki, amma kowa ya san an makara. Idan allura ba ta tsare ni ba, me zai sa ta tsare shi? Shi kuma ɗan wata goma ne, kuma irinsu ciwon ya fi ɗauka. Nakan ji ta tana wucewa ta bakin ɗakin Iya, ta tsaya, kunya ta hana ta shigowa ta zauna wurin 'yar fari, tsoro kuma ya hana ta ajiye yaron. Wata rana da ta ga ba kowa ta leƙo ta taɓa ƙafata, na ji hawayenta ya ɗiga a kan tafin.

Duk wannan ina ji, kuma na san abin da ba wanda ya sani. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa sai in tuna alewar, in tuna Iya ta ce mini jaruma, in tuna bulalar babana da ke rataye a zaure ko da yake ban taɓa ganin ya sauke ta ba.

Malama ta zo a rana ta uku da fitowar ƙurajen, a kan hanyarta ta zuwa aiki. Ta saurari ƙirjina, ta buɗe idona ta duba, ta matse mini wata 'yar ƙwayar magani mai mai a baki, ta ce na kare ido ne. Iya ta tambaye ta a hankali ko allura tana ƙin ci. Malama ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, akan samu ɗaya ɗaya da jikinsu bai riƙe karatun ba, amma ba kasafai ba, kuma duk yaran da aka yi wa rana ɗaya da ni tana bin su, ba ta ga wanda ya kwanta ba. Ta dube ni. Ban sani ba ko ta gane. Ta dai ce, "Iya, a riƙa ba ta ruwa da yawa, ko da cokali ne," ta tafi.

Bayan fitarta Iya ta zauna a bakin gado tana yi mini fifita. Hantsi ne, ina jin ƙarar daka daga gidan maƙwabta. Sai na ji tana magana ita kaɗai, ƙasa ƙasa. Ta ce, "Ya Allah, idan ni na jawo wa yaran nan, ka ɗora mini." Wannan ce ta karya ni. Na fashe da kuka, muryata a dishe, na ce, "Iya, ba a yi mini ba."

Ta tsayar da mafici. "Me ba a yi miki ba?"

Na ce allurar. Na gaya mata yaron da ya yi kuka, da darbejiya, da audugar da na tsinta a ƙasa, har da yawun da na shafa a ido.

Na rufe fuska ina jiran mari. Marin bai zo ba. Da na buɗe ido gwargwadon yadda zai buɗu, sai na ga kafaɗun Iya suna rawa. Na ɗauka kuka take yi, kuma kukan ne, amma da dariya a cikinsa. Ta ɗaga hannu sama ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa alhamdu lillahi. Sannan ta dube ni ta ce, "'Yar banza. Ki warke tukuna."

Ta miƙe ko takalmi ba ta sa ba. Ɗakin mahaifiyata ta fara shiga, na ji tana cewa, "Ke, kwantar da ranki. Shi a gabana aka yi masa, ni na riƙe hannun." Daga nan ta wuce zaure, inda ba ta saba shiga ba idan da baƙi, ta faɗa wa babana a gaban abokan aikinsa. Da la'asar ta yafa mayafi ta bi lungun gida gida, duk inda ta san an ce an fasa, tana ba da labarin abin kunyata ba tare da ta rage komai ba. Na daɗe ina jin haushin wannan. Har na yi aure akwai tsofaffin da ke kirana mai auduga. Amma a makon da ya biyo baya mata da yawa sun kai 'ya'yansu, kuma an ce wannan karon kowace uwa sai da ta ga allura ta shiga da idonta.

Sauran abin jira ne. Malama ta ce idan ƙanena ya ɗauka daga wurina, cikin mako biyu za a gani, a bar shi zuwa uku don a tabbata. Kullum da asuba mahaifiyata takan taɓa goshinsa, ta juya kunnensa ta duba baya, ta buɗe bakinsa. Idan ya yi atishawa gidan ya yi tsit. Wata rana ya tashi da kuka jikinsa da ɗumi, mahaifiyata ta zauna daɓas a tsakar gida, Iya ta sa yatsa a bakinsa ta ji haƙori ne yake fitowa. Ni kuma a lokacin ƙurajena sun bushe, fatata tana zuba kamar dusa, na rame har zobena na roba yana faɗuwa. Idona ya buɗe sarai, Allah ya tsare. Yaron da ya zauna kusa da ni a makarantar allo ya tashi da kunne ɗaya ba ya ji. A gidan da ke ƙarshen lungu an rasa jaririya, ba ta kai watannin da ake yin allura ba.

Mako uku suka cika, ƙanena yana nan garau, har ya fara kama bango yana miƙewa. A ranar ne aka yi ruwan farko, mai ƙamshin ƙasa, muka fito muka tsaya a bakin rumfa. Iya ta aika aka sayo mata goro, ta ɓara ta ci, ta ɗauki angonta tana yi masa rawa. Mahaifiyata ta dama fura ta aika wa Malama har Wusasa. Ni kuma na zauna ina jiran hukuncin da aka ce sai na warke.

Babana ya kira ni zaure washegari. Na durƙusa nesa da shi. Yana zare allura a wuyan riga bai ɗago ba, ya ce, "Tsoron allura ba laifi ba ne, ni ma ba na son ta a jikina. Amma kin ga inda ƙarya ta kai mutanen da ba su san kin yi ta ba." Ya ce in je in ba Iya haƙuri, in ba mahaifiyata. Shi ke nan. Daga shekarar nan, duk 'ya'yan da aka haifa a gidanmu, nasa da na ƙannensa, shi yake ajiye katinsu a cikin gwangwanin zarensa, shi yake tuna wa iyayen ranar komawa.

Na girma na yi karatu, na koyar a makarantar firamare shekaru masu yawa, na kuma karanta a littafi abin da Malama ta faɗa a zaure, da sunaye masu wuya. Na gane cewa jiki yana ƙera makami na musamman ga kowace cuta, kuma yana ajiye masu tuna kamanninta shekara da shekaru. Na gane dalilin da ya sa yanzu ake yin ta ƙyanda sau biyu, don a kamo waɗanda ta farko ba ta ci ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne jaririyar ƙarshen lungu. Ita ba ta isa allura ba, kariyarta tana wurinmu, mu manyan yara da ke shiga gidansu muna ɗaukarta. Da dukanmu an yi mana, da ciwon ya zo lungun ya rasa wanda zai hau ya isa gare ta. Ban san ta hanyar wa ya shiga gidan ba, ba na kuma ɗora wa kaina abin da ban sani ba, amma nakan sa ta a addu'a.

Yanzu birnin ya canja. Zauren babana ya zama shagon sayar da katin waya, an yi wa lungunmu kwalbati, Iya da Malama duk sun riga mu gidan gaskiya. Jita-jita kuwa tana nan, sai dai ta daina bi ta katanga, ta koma cikin waya, murya ba fuska. Matan yanzu da yawa ba su taɓa ganin yaron da ƙyanda ta makantar ba, shi ya sa nake yi musu uzuri idan allura ta fi ba su tsoro. Idan na ji wata tana ja da baya ba na yi mata wa'azi. Nakan zauna in ba ta labarin nan, har ta yi mini dariya, sannan in ce ta ɗauko mayafi in raka ta.

Da Sallar da ta wuce ƙanena ya zo gaishe ni daga Tudun Jukun, inda yake zaune da iyalinsa. Furfura ta fara fito masa a gemu, ya yi tumbi, 'ya'yansa biyar sun cika mini tsakar gida da ƙiriniya. Muna hira na ce masa ko an taɓa ba shi labarin shekarar baƙon dauro, lokacin da duk gida aka yi mako uku ana duba bayan kunnensa.

Ya ɗan yi tunani ya ce, "Yaya, ni na taɓa yin ƙyanda?"

Na ce a'a, bai taɓa ba.

Ya ce, "To ai ba labari ke nan," ya jawo kwanon waina gabansa.

Na zauna ina kallonsa yana ci, na ce masa ya ƙara miya.